Yadda Ake Koyon Kalmomin Bajinta da Jarumta a Sifaniyanci

Tambaya ɗaya ce masu koyon Sifaniyanci suke ta maimaita mini, kowa da irin tasa siga. Mutum ya iya gaisuwa, ya iya ciniki, ya iya tambayar hanya, amma ranar da ya buɗe jaridar Marca washegarin wani babban wasa, ko aka ɗora masa sakin layi a kan Simón Bolívar, jagoran yaƙin 'yanci a Latin Amurka, a jarrabawa, sai ya ci karo da hazaña, gesta, proeza da logro a shafi guda. Ya duba ƙamus, ƙamus ya ce masa duk "babban aiki" ne. Sai ya haddace su a jere, bayan mako biyu su cakuɗe masa.

Alhali kowace da nauyinta. Mu ma ba ma haɗa yaron da ya ci jarrabawa da wanda ya faɗa rijiya ya ciro ɗan maƙwabci: wancan nasara ya yi, wannan bajinta. Haka Sifaniyanci yake auna ayyukan mutane. Saboda haka abin da nake ɗora ɗalibaina a kai shi ne kada a riƙe kalma ita kaɗai. A riƙe ta tare da aikatau ɗin da take tafiya da shi, da kuma wani mutum na gaske da ya aikata abin. Minti 20 a rana, kalma 5 a kullum, kwana 5 a mako, cikin mako 4 ka mallaki kalmomi 100 da za ka iya sarrafawa a jimla.

1. Tanadi kayan aiki

Kayan ba su da yawa, yawancinsu ma kyauta ne. Littafin rubutu ɗaya irin na 'yan makaranta, da kwali mai ɗan kauri da za ka yayyanka daidai tafin hannu, da ambulan 3. A waya kana bukatar ƙamus ɗin Real Academia Española, wanda aka fi sani da RAE. Da Sifaniyanci zalla yake bayani, da farko zai yi maka nauyi, amma shi ne mai raba gardama idan ƙamusu biyu suka saɓa. WordReference zai taimake ka ta hanyar Turanci ko Faransanci. Forvo kuwa don ka ji yadda masu harshen suke furta kalma, yana kuma nuna maka ƙasar mai maganar. In ka fi son katin hadda na cikin waya, AnkiDroid kyauta ne a Android. Na iPhone sai an biya wajen dala 25. Wanda ba shi da hali ya tsaya a kan kwali, babu abin da zai rasa. Sannan ka ƙara Sifaniyanci a madannin wayarka, don ka sami ñ da wasula masu kara a bisa, irin é da ó.

Gargaɗi: kada ka dogara da manhajar fassara kai tsaye daga Hausa. Za ta miƙo maka kalma ɗaya a inda ake da huɗu, kuma ba za ta gaya maka wadda ta dace da wurin ba.

2. Gyara baki kafin hadda

Kwana 2 na farko a nan za ka kashe su, domin kalmar da aka haddace a karkace tana da wuyar miƙewa. Wasulan Sifaniyanci 5 ne, irin namu: a, e, i, o, u. Baƙaƙen ne suke son kula.

Ba a furta h ko kaɗan. Hazaña "asanya" ce, ƙarshenta kamar na "hanya". Héroe "eroe" ne, nauyin yana kan gaɓar farko. Harafin z, da c idan ya zo kafin e ko i, s ne a Latin Amurka, amma a yawancin Sifaniya harshe ake sawa tsakanin haƙora kamar ث ta Larabci. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Harafin j, da g kafin e ko i, kamar خ ne: gesta, coraje, jinete. Wanda ya yi karatun allo ya san sautukan nan biyu tun yana ƙarami. V da b sauti ɗaya ne, don haka victoria "biktoriya" ce. Ll a yawancin wurare y ce: batalla, wato gwabzawar yaƙi, "bataya". Rr ta derrota, shan kaye, ita ce r ɗinmu mai kaɗawa ta "biyar", sai dai a ja ta.

Gargaɗi: p da f ne babban raminmu. Proeza, patria, premio da p suke; fama, fuerza, triunfo da f. Tsaya gaban madubi. A p leɓɓa biyu suna haɗuwa su rufe ruf. A f haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Kada kuma ka cusa wasali tsakanin p da r har proeza ta koma "furo'esa".

Gargaɗi na biyu: ɗan karan da ke bisa wasali yana nuna gaɓar da ake dannawa, kuma yana sauya ma'ana. Logro, a danna gaɓar farko, suna ne: abin da aka cim ma. Logró, a danna ta ƙarshe, yana nufin "ya cim ma". Kunnen Bahaushe ya saba raba kalmomi da karin sauti, don haka bambancin ba zai gagare ka ji ba. A rubutu ne ake mantawa.

3. Aza tubali da kalmomi 5, kowace da gwarzonta

Nan ne zuciyar aikin, kada ka yi gaggawa. Ware wa kowace kalma shafi guda a littafinka.

El logro. Ita ce ta yau da kullum: abin da mutum ya sa a gaba, ya yi ta ƙoƙari har ya kai. Kammala digiri, gina gida, kawar da wata cuta daga ƙasa. Ba sai da haɗari ba. A shafinta ka rubuta wani abu naka na kanka, shi ya fi zama a rai.

El éxito. Nasara ta fuskar sakamako da karɓuwa: kasuwa ta yi kyau, taro ya yi armashi, waƙa ta zagaye gari. Ana cewa tener éxito, wato "samun" nasara.

Gargaɗi: éxito ba ma'anarta ɗaya da exit ba, kalmar Turancin nan mai kama da ita da ake rubutawa a saman ƙofar fita. Ƙofar fita salida ce. Masu Faransanci kuma nasu tarkon daban. Wani ɗalibina mutumin Maraɗi yana da abokin hira ɗan Kolombiya da ya gama karatu, sai ya aika masa "Felicidades por tu suceso", yana auna ta da kalmar Faransanci ta nasara. Yana zaune kusa da ni amsar ta shigo, ya miƙo mini wayar fuskarsa a ɗaure: "¿Qué suceso? ¿Qué pasó?" Mutumin ya ɗauka wani abu ya faru da bai ji ba. Suceso aukuwa ce, kuma a jaridun Sifaniya shafin Sucesos shi ne na haɗurra da kisa da sata. A ranar muka yi wa kalmomin biyu kati ɗaya, gaba da baya, bai sake haɗa su ba.

La proeza. Gwaninta da ta wuce ta sauran mutane, ta ƙarfi ko ta iyawa. Gwarzonta a wurina Rafael Nadal ne, ɗan wasan tanis da ya ɗauki kofin Roland Garros sau 14. Mai Faransanci zai gane ta nan take, 'yar'uwar prouesse ce.

La hazaña. Ita ce ta fi kusa da bajintarmu: aiki mai wuya da ban mamaki, sau da yawa an sa rai a ciki ko kuma ba wanda ya zaci zai yiwu. Ga abin da zai sa ba za ka taɓa manta ta ba: ƙamus ɗin RAE ya mayar da asalinta ga Larabcin Andalus, daga ḥasana, kyakkyawan aiki, kalmar nan da muke faɗa a addu'a, wadda kuma muke raɗa wa 'ya'yanmu mata. Gwarzonta Juan Sebastián Elcano. Jiragen ruwa 5 ne suka tashi daga tashar Sanlúcar de Barrameda ta Sifaniya ranar 20 ga Satumban 1519 ƙarƙashin Magallanes, da mutum fiye da 200. Aka kashe Magallanes a tsibiran Filifin a 1521. Ranar 6 ga Satumban 1522 jirgi ɗaya tak, mai suna Victoria, ya dawo tashar da Elcano da mutum 17, sun zagaye duniya a karon farko. Rubuta wannan a shafin: Elcano logró la hazaña de dar la vuelta al mundo.

La gesta. Wannan ta jama'a ce, ta tarihi, irin wadda ake rerawa. Tsofaffin waƙoƙin yaƙi na Sifaniya sunansu cantares de gesta, aikinsu kusan irin na makaɗan fada da ke wasa mazan jiya. Gwarzonta José de San Martín, wanda a Janairun 1817 ya ɗauki runduna daga Mendoza ta Ajantina, da dawakai da alfadarai, ya ƙetare tsaunukan Andes, ya sauka Chile ya ci yaƙin Chacabuco ranar 12 ga Fabrairu. Idan gesta ta yi tsawo ta cika da wahala har ta zama labarin al'umma, sai a ce epopeya.

Iyakar da ke tsakanin proeza, hazaña da gesta ba katanga ba ce. Marubucin wasanni zai iya zuba su ukun a kan wasa guda don kada ya maimaita kalma. Amma logro ba ta hawa matsayinsu, su ma ba sa sauka nata.

Gargaɗi: in ka kira ƙaramin abu hazaña, za a ɗauka gatse kake yi. Mai cewa "¡Vaya hazaña!" ga wanda ya doke ƙaramin yaro zaginsa yake yi. In za ka taya abokinka murnar samun aiki, logro ce kalmar.

4. Haɗa kowace kalma da abokin tafiyarta

A Hausa "cin" nasara muke yi, mu "kafa" tarihi, mu "ciri" tuta. Baƙon da ya ce ya "gina" tarihi za a gane shi, amma za a san baƙo ne. Haka abin yake a can. A mako na biyu waɗannan za ka haddace a dunƙule, kamar kalma guda:

lograr una hazaña, ko realizar una hazaña: yin bajinta
llevar a cabo una proeza: aiwatar da ita har ƙarshe
protagonizar una gesta: zama jigon abin
batir un récord: karya tarihin da wani ya kafa
hacer historia: kafa tarihi
pasar a la historia: shiga tarihi
jugarse la vida: sa rai a haɗari
dar la vida por la patria: sadaukar da rai don ƙasa
rendir homenaje: karramawa
contra todo pronóstico: saɓanin duk abin da aka zata

Tunda bajinta labarin abin da ya wuce ne, koyi aikatau ɗin a shuɗaɗɗen lokaci, na "shi" da na "su", kafin komai: logró da lograron, venció da vencieron, cruzó da cruzaron, rescató da rescataron. Guda uku suna karkacewa, ka ba su kati na musamman: consiguió, hizo, dio.

Gargaɗi: lograr da conseguir suna ɗaukar aikatau na biyu kai tsaye, babu komai a tsakani. Logró cruzar los Andes. Masu Faransanci sukan cusa a ko de a wurin.

Gargaɗi: kofi ko wasa ake ganar, abokin hamayya kuma a yi masa vencer ko derrotar, tare da ɗan a a gabansa. España ganó el Mundial en 2010, amma España venció a Holanda. Ana iya cewa le ganó a Holanda, sai dai ka bar wannan sai ka ƙware.

5. Sunayen gwarzo da halayensa

Yanzu mai aikin. El héroe, macen la heroína. Kalmar macen ita ce kuma sunan muguwar ƙwayar nan ta heroin, jimla ce take rabewa. Valiente jarumi, cobarde matsoraci, guerrero mayaƙi, campeón zakara. Prócer ta Latin Amurka ce musamman, ana faɗarta ga iyayen ƙasa da suka yi yaƙin 'yanci. El Libertador da babban baƙi, idan ba a ƙara komai ba, galibi Bolívar ake nufi, laƙabin da aka ba shi a 1813. A Ajantina kuwa San Martín ne. Halayen su ne valentía, valor, audacia, sacrificio. Valor tana nufin jarumta, tana kuma nufin darajar kaya.

Jinsi ba zai ba ka wahala ba. Kamar a Hausa, yawancin sunayen da suka ƙare da a mata ne: la hazaña, la gesta, la victoria, la derrota. Kamar yadda kuma "gida" da "ruwa" suka fita daga ƙa'idar, haka el poema da el día. Kada ka taɓa rubuta suna a kati ba tare da el ko la ba.

Akwai garaɓasar da nake son Bahaushe ya ci moriyarta. Musulmi sun yi mulki a sassan Andalus daga 711 zuwa 1492, suka bar wa harshen kalmomin yaƙi da sarauta da kunnenmu ya riga ya sani. Adalid, jagoran gwagwarmaya, daga ad-dalīl take, tushen "dalili" namu. Alférez, ƙaramin hafsan soja, daga al-fāris, mahayin doki. Almirante, babban hafsan ruwa, daga amīr. Alcalde, magajin gari, daga al-qāḍī, inda muka samo "alƙali". Shi kansa babban barden Sifaniya, Rodrigo Díaz de Vivar, da ya ci Valencia a 1094 ya rasu a 1099, laƙabinsa El Cid daga sīdī yake, Sidi ɗin nan da muke kiran mutane da shi. Waɗannan kalmomi kallo ɗaya suke bukata.

Gargaɗi: un gran hombre babban mutum ne mai daraja, un hombre grande kuwa ƙato ne. Coraje jarumta ce a Ajantina, amma a Meziko yawanci fushi ce. Bravo ma a ƙasashe da dama na Latin Amurka mai fushi ko mafaɗaci take nufi.

Gargaɗi mai nauyi: wasu kalmomin suna da ciwo. Caudillo jagora ce a ƙamus, amma a Sifaniya laƙabin Franco ne, wanda ya yi mulkin kama-karya har mutuwarsa a 1975. Kada ka yabi kowa da ita. Conquistador ma haka. Cin Tenochtitlan, babban birnin Aztec a Meziko, da Hernán Cortés ya yi a 1521, wani littafin zai kira shi gesta, ɗan Meziko da yawa kuwa mamaya da kisa yake gani. Ranar 12 ga Oktoba, ranar da Columbus ya isa nahiyar Amurka, bikin ƙasa ce a Sifaniya, a Benezuwela kuma sunanta Día de la Resistencia Indígena, ranar turjiyar 'yan asalin ƙasa. Mu da muka san yadda littattafan Turawa suka ba da labarin cin Kano da Sakkwato a 1903 ba ma bukatar dogon bayani a nan. Ka san wanda kake magana da shi kafin ka zaɓi kalma.

6. Yi katin, ka bi zagayen ambulan

Ga yadda katina na hazaña yake. A gaba, jimla da gurbi: Elcano logró la ______ de dar la vuelta al mundo. A baya, la hazaña da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashi "asanya", sai "bajinta", sai a kusurwa da jan biro: lograr, realizar. Shi ke nan. In ka cika kati da rubutu ba za ka duba shi ba.

Ambulan na farko kullum ake buɗe shi, na biyu bayan kwana 3, na uku sau ɗaya a mako. Katin da ka amsa daidai ya ci gaba, wanda ka kuskure ya koma na farko ko daga ina yake. Ka riƙa amsawa da murya.

Gargaɗi: kada ka wuce sababbi 5 a rana, ko da ka ji ƙarfi. Kada kuma ka sa proeza da hazaña a rana ɗaya. Kalmomi masu kama da juna in aka shigar da su tare, tare suke rikicewa.

7. Fita farauta a jarida

Daga mako na uku, minti 10 na lokacinka na karatu ne. Marca, AS da Mundo Deportivo na wasanni ne, BBC Mundo da El País na labarai. Ba dukan labarin za ka karanta ba: kanun da sakin layi na farko sun isa. Duk inda ka ga ɗaya daga kalmominka, kwafe jimlar a shafinta.

Tsofaffin labarai sun fi daɗin farauta, tunda ka san ƙarshensu. Nemi remontada, wato farfaɗowa bayan an sha gabanka, tare da Barcelona 6-1 PSG na Maris 2017. Nemi Maracanazo, yadda Yurugwai ta doke Brazil 2-1 a gidan Brazil ɗin a 1950. A nan za ka koyi ɗafin -azo mai ƙara wa kalma ƙarfi, irin na golazo. Wanda na fi so shi ne ceton masu haƙar ma'adinai 33 na mahaƙar San José a Chile. Ƙasa ta rufta da su ranar 5 ga Agustan 2010, wajen mita 700 a ƙarƙashi. Bayan kwana 17 aka zaro ƙarfen haƙa, sai ga 'yar takarda a ɗaure da jan rubutu: "Estamos bien en el refugio los 33". Muna lafiya a mafaka, mu 33. Sai da suka kwana 69 kafin a fito da su ɗaya bayan ɗaya. Labarin nan kaɗai zai ba ka rescate, ceto, da sobrevivir, tsira da rai, da esperanza, fata, da milagro, abin al'ajabi.

Gargaɗi: 'yan jaridar wasanni suna da zuzutawa. Ka koyi kalmar a wurinsu, amma nauyinta ka auna shi da labaran tarihi.

8. Ba da labarin naka gwarzon

A mako na huɗu kai ne mai rubutu. Jimla 3 zuwa 5 a rana, a kan abin da ka sani ciki da bai, don hankalinka ya tattaru a kan harshen kawai. Misali:

En 1996, Nigeria logró una hazaña en los Juegos Olímpicos de Atlanta. Perdía 3-1 ante Brasil, remontó y ganó 4-3. En la final venció a Argentina por 3-2 y se llevó el oro.

Ko ka koma gida: Según la leyenda, Bayajidda mató a la serpiente del pozo de Kusugu, en Daura. Gobe Sarauniya Amina ta Zazzau, jibi Sarauniya Mangu da ta tari sojojin Faransa a Lugu a 1899, gata kuma wata ungozoma ko wani direba a unguwarku da ya ceci rai ba wanda ya rubuta sunansa. Irinsa ake kira héroe anónimo.

Kafin ka nuna wa kowa, bi rubutun da tambayoyi 4. Nauyin kalmar ya dace da aikin? Aikatau ɗin abokin tafiyarta ne? Karan yana kan ó ta ƙarshe? Akwai a bayan venció? Sannan ka karanta da ƙarfi, ka naɗa a waya, ka saurari p da f ɗinka.

Daga nan ka aika wa mai harshen, malami ne ko abokin hira. Kada ka tambaye shi ko daidai ne, domin kara za ta sa ya ce maka eh. Tambaye shi "¿Cómo lo dirías tú?", wato kai yaya za ka faɗe shi. Jimlar da ya maido maka, ka yi mata sabon kati a daren, ka jefa ta ambulan na farko.